Man Alkawari

Ni ce 'yar fari a gidanmu, shi ya sa tun da na yi wayo mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa duban idona ya faɗi abin da yake so ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanenmu. In yana jin ƙishirwa kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi bango ya ce, "Gidan ga ba a san ruwa ba?" Da na girma na zama malamar kimiyya a wata lise, makarantar sakandare, a Yamai, sai ya laƙaba mini suna, wai masu lakwal, wato masu boko. "A gaya ma masu lakwal an ga sukari, an gode." Haka muka yi shekara arba'in da 'yan kai, ni da shi, maganarmu ba ta zuwa sai ta bi ta wani wuri.

Shekarar da ciwo ya kama shi, ni na tuƙa mota har ƙauyenmu kusa da Madawa na ɗauko shi. Da ƙyar ya yarda. Sai da Gwaggo, ƙanwarsa da ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyata, ta rantse masa cewa sati biyu kawai zai yi, likita ya duba shi a maido shi ɗakinsa. Na kawo shi gidana a unguwar Koira Kano. Maigidana yana aiki a Damagaram, don haka gidan daga ni sai shi.

Bayan gwaje-gwaje likita ya kira ni ni kaɗai. Ya ce hanta ce, kuma abin ya yi nisa. Babu aikin da za a yi, sai maganin rage zafi, kuma wannan ko a ƙauye ana iya sha. Ya ce in mai da shi gida tun yana da ƙarfin zama a mota. Na fito na tarar da Baba a kan benci, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. Na ce, "Da sauƙi. An ba mu wani randebu, ranar da za mu dawo." Ya tashi muka tafi.

Ƙarya na yi, kuma ban tsaya a guda ɗaya ba. In randebu ya zo sai in kai shi a auna jininsa, mu dawo da wani randebun. Na san abin da yake so, gida yake so. Ni kuwa shi nake so. Mutumin nan shekara talatin ya yi yana jan babbar mota tsakanin Agadas da Bilma da Dirku, muna ganinsa sau uku ko huɗu a shekara. Da ya aje tuƙi ni kuma na riga na zo Yamai. Yanzu ga shi a ɗakin da ke kusa da nawa, ina jin tarinsa, ina dama masa kunu. Na ce a raina ba zan mayar da shi ba, kowa ya ce son kai ne ya daɗe bai faɗa ba.

Sai dai zaman bai karɓe shi ba. Ya kan zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo gaisuwa, takalmansa a jere a gabansa. Unguwarmu kowa da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, babu dakali, babu mai wucewa ya yi sallama. In na tafi makaranta na bar shi da rediyo, ina dawowa in tarar da shi yadda na bar shi.

Motata ce ta kawo canji, don ita ma tsohuwa ce mai yawan ƙorafi. Mai gyara mini ita wani dattijo ne Bazabarme, garejinsa yana Kalley, a wani lungu bayan Babbar Kasuwa. Gareji dai suna ne. Bishiyar dogonyaro ce da rumfar kwano da benci biyu, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai. Wata rana na tafi da Baba don kada in bar shi shi kaɗai. Mai gareji ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya ce mini "Fofo, Madam," irin gaisuwar Zabarmawa, sannan idonsa ya faɗa kan zanen Gobir da ke kumatun Baba. Ya tafa hannu.

"Kai! Wa ya kwance mini bawana ya bar shi yana yawo a birni?"

Na ɗauka zagi ne, don na manta da wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa. Sai na ji wata murya da na kwana biyu ban ji ba, muryar Baba.

"Diba min ɗan banza. Ubangidanka ya taho, ba ka iya shimhiɗa tabarma?"

Ran nan Baba ya sha shayi kofi uku. Daga nan ya zama ƙa'ida, da safe in sauke shi a gareji, in na tashi daga makaranta in zo mu zauna har la'asar.

Ni na jawo maganar wata, ba da niyya ba. Ina shirya wa ɗalibaina darasi ne, ina kallon wani bidiyo a salula: gindin roka ya rabu da kansa can sama, ya juyo, ya sauko da wuta a ƙarƙashinsa, ya tsaya cak a kan ƙafafunsa. Mai gareji ya leƙo ta kafaɗata. Ya sa na maimaita masa sau biyar. Ya kai wa Baba har gaban hanci.

Baba ya san zancen zuwa wata. Yana saurayi ya ji a rediyo cewa mutane sun taka shi. Wani mai sayar da taya da ke zaune ya ce duk ƙaryar Turawa ce. Baba ya ce, "Sun tahi, sun komo, matansu sun gan su. Mi kaka so kuma?" Na yi musu bayani cewa bayan shekara hamsin da wani abu ana shirin sake kai mutane, amma masu ƙera rokokin kansu ba su daidaita ba. Wasu suna tare da babbar roka irin ta da, wadda ake harbawa sau ɗaya, injinanta su faɗa teku, shi ke nan. Wasu kuma suna tare da sabuwa, wadda aka ƙera don ta je ta dawo a sake cika ta a sake harbawa. Na ƙara da cewa shirin da ake yi ma ya haɗa duka biyun, kowacce da aikinta. Wannan ba wanda ya saurara. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kafin in rufe baki kowa ya kama ɓangare.

Mai gareji yana tare da mai dawowa, kuma ba abin mamaki ba ne. Mutum ne da bai taɓa jefar da ƙusa ba. A bayan rumfarsa akwai injinan motocin da masu su sun daɗe a kabari, yana cewa wata rana za su yi amfani. Da na gaya masa injinan da za a zubar a teku ɗin ma tsofaffi ne, sun sha zuwa sama suna dawowa a wani kumbo na da, yanzu ne aka ɗaura su a wadda ba ta dawowa, sai ya aje sifana ya kama kai.

"Inji mai lafiya? A ruwa? Madam, mutanen nan ba su da iyaye? Su kawo mini nan Kalley!"

Baba ya ce, "Shi ya sa ba a ba Bazabarme mota mai nisa. Ku dai ɗaure da waya, ɗaure da roba. Wanda za shi inda babu gareji, sabon inji shika so."

"Sabon inji baƙo ne, Bagobiri. Ka san halinsa? Wanda ya je ya dawo shi ne ka sani. Faɗi gaskiya, kai da sabuwar mota kake shiga hamada ranar da aka kawo ta?"

Baba ya riƙa juya kofi. Gaskiya ce, kuma ya sani. Direbobin hamada ba sa yarda da mota sai ta yi tafiya biyu ko uku a hanya mai sauƙi. Can ya ce, "Ko mahaukaci shina faɗin gaskiya ran kasuwa." Mai gareji ya tashi ya taka rawa da sifana a hannu.

Kwana biyu bayan haka Baba ya rama. Na nuna musu zanen kumbon da ake so ya sauka a kan wata. Dogo ne siriri, tsayinsa kamar bene mai hawa da yawa, mutanen suna can ƙoli, sai injin hawa ya sauko da su ƙasa. Na da kuwa gajere ne mai buɗaɗɗun ƙafafu, da ɗan tsani. Baba ya sa aka tara masa rairayi a gaban benci. Ya kafa doguwar kwalbar man birki a kai, ya kifa kofin shayi kusa da ita, sannan ya buga ƙasa da sandarsa. Kwalba ta faɗi, kofi yana nan.

"Na ga motoci sun kihe a kan tudun rairayi, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Duk lodi ne anka kai sama. Kuma wanga abin hawa, kaka sunanshi?"

Na ce, "Asansar."

"To. Asansar ɗin ga, in kuran ya ɗauke, babu wuta, suna ƙasa hwa? Ko nan Gaweye, manyan benayen bakin gulbi, ba a maƙalewa ciki?"

A daidai lokacin kuwa babu wuta a Kalley tun safe, mai walda na kusa yana zaune yana fifita da kwali. Kowa ya fashe da dariya. Mai gareji ya ce nauyin injin yana ƙasa, ba za ta faɗi ba, ya cika kwalbar da tsakuwa ya sake kafawa. Baba ya sake bugawa da ƙarfi. Suka yi ta yi har aka kira sallah.

Ni daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Baba yana cin abinci, yana aske gemu, da safe shi ke riga ni shiga mota. Na riƙa nemo musu labarai kamar mai kai wa tumaki harawa. Na ce wa kaina ai ga shi zaman Yamai ya karɓe shi. Idonsa yana ƙara yin rawaya, wandonsa yana ƙara yi masa yawa, amma na koyi kallon wani wuri. Sati biyu suka zama goma. Gwaggo ta kira, na ce mata likita bai sallame mu ba.

Sai ranar da muka zo kan maganar mai. Na bayyana musu cewa doguwar nan ba za ta iya tashi daga duniya da man da zai kai ta wata ba. Za ta hau sama ne ta tsaya tana kewaya duniya, tankinta kusan wayam, sai an yi ta turo wasu rokoki ɗauke da mai, ɗaya bayan ɗaya, ana juye mata. Sawu nawa za a yi, su kansu masanan gardama suke, wasu sun ce zai wuce goma. Man kuma mai tsananin sanyi ne, in an daɗe ana jira yana tsiyayewa ya bi iska.

Mai gareji ya ce wannan ai dabara ce, tasha ce aka buɗe a sama. Na jira Baba ya yi masa ba'a. Bai yi ba. Sai ya juya wajen mai gareji sosai, ya ba ni gefen fuskarsa.

"Bari in ba ka labari, bawana. Wata shekara muna komowa daga Dirku. Mai mota ya ce in rage tano biyu na gazuwal, wato duro biyu na mai, in ƙara kaya, wai wata mota tana tahe bayanmu da mai, mu gamu bakin wata rijiya. Na san ba daidai ba ne. Mu ƙa'idarmu, ba ka lissahin man zuwa, man komowa kaka lissahi, kuma shina bisa motarka, ba bisa ta wani ba. Amma na ji kunyar mai mota, na yarda. Munka kai rijiya, babu kowa. Kwana tara munka yi."

Mai gareji ya aje abin da ke hannunsa.

"Akwai ruwa, ba mu mutu ba. Amma cikin fasinja akwai wani tsoho, ya yi shekaru shina aiki ƙasar Larabawa, ba shi da lahiya, gida za shi. Kullum da sahe sai shi taho shi tsaya gaban mota shi ce min, direba, yau muna tashi? In ce mishi gobe in Allah ya so. Bai taɓa yi min faɗa ba. Kwana na bakwai munka rufe shi nan, munka aza tsohuwar taya bisa kabarin. Motar mai ta iso, ba ta yi ƙarya ba. Ta dai makara." Ya numfasa. "Mutum in shina hanyar gida, ba a tsai da shi bisa alkawali. Shi ne kawai."

Yanzu in na tuna abin da na yi bayan wannan, kunya takan rufe ni. Ni malama ce, kuma malami in ya ji kuskure jikinsa ƙaiƙayi yake. Na jawo wani kwali na zaro biro. Na ce labarin akwai ban tausayi, amma ba daidai yake da na roka ba. Na zana duniya, na zana wata. Na nuna musu cewa mai ma nauyi ne, kana buƙatar mai don ka ɗaga mai, shi ya sa ba a iya ɗaukar duka a tashi ɗaya in kaya suna da yawa. Sannan na kawo hujjar da na san ba ta da amsa. Na ce 'yan sama jannatin ba za su bar gida ba sai an tabbatar an gama cika tankin. In mai ya makara, suna ɗakunansu suna jira, ba a hamada ba. Babu wanda za a bari a bakin rijiya.

Na yi magana mai kyau, har mai sayar da taya ya gyaɗa kai. Na ɗago ina jiran mai gareji ya yi ihun nasara, tunda na tsaya masa. Sai na ga yana kallona kamar na taka sallayar wani da takalmi.

Baba ya ce, "Masu lakwal sun hi mu sani." Ya jawo takalmansa.

Washegari ya ce ba za shi gareji ba, jikinsa ba daɗi. Jibi ma haka. Ya koma bakin kujerarsa da rediyo. Kunun da na dama ya yi sanyi a kofi. Na ɗauka ciwon ne ya motsa, na ƙara masa magani, na ce masa randebu ya kusa.

Rana ta huɗu na je gareji ni kaɗai, wai a duba mini birki. Mai gareji bai tambaye ni bawansa ba. Ya kore masu zaman benci, ya nuna mini wuri, ya zauna nesa kaɗan yana goge hannu da tsumma.

"Madam, ke kin yi karatu, ni ban yi ba. Amma ran nan tsohon nan ba maganar wata yake ba."

Na ce, "Maganar me yake?"

"Sati uku ke nan ya tambaye ni, wai motarki za ta iya kai Madawa? Na ce za ta kai. Ya ce in duba ta da kyau, kada in gaya miki. Na canza bel, na canza mai, kina aji ba ki sani ba. Motarki a shirye take tun tuni. Ke ce ba ki shirya ba."

Na ce likita bai gama ba. Ya girgiza kai.

"Kala suuru, Madam, yi haƙuri, amma kada ki yi mini wannan. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sauraron inji, shi za a ɓoye wa ƙarar jikinsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun ranar da kika fito daga wurin likita ya sani. Ba zai iya ce miki ki kai shi gida ba, ke 'yar fari ce. Ba zai iya ce miki kin yi ƙarya ba. To ya yi miki hannunka mai sanda a gabana, da labarin da ya ce ko mahaifiyarki bai taɓa ba ta ba. Ke kuma kika ɗauko biro."

Ban san yadda na fita daga Kalley ba. Na tsinci kaina a Gaweye, na tsayar da mota kusa da tsohuwar gada. Ruwan kogi ya ja baya, masu wanki sun shanya kaya a kan duwatsu. Na kifa kai a kan sitiyari na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a ofishin likita. Haushin mai gareji nake ji, da haushin Baba da bai iya buɗe baki ya yi mini magana kamar kowane uba, da haushin al'adar da ta sa sai an bi ta wata kafin a iso wurina. Amma duk a ƙarƙashin wannan na san wanda ya tsai da tsoho a bakin rijiya yana ce masa gobe.

Da na koma gida na tarar da shi a inda na bar shi. Na yi niyyar durƙusawa in faɗi komai. Na kasa, don ni ma a gidan aka haife ni. Na tsaya a tsakiyar ɗaki, na dubi labule, na ce, "Motar gidan nan za ta Madawa ranar Asabar. Ko akwai mai tafiya?"

Ya rage muryar rediyo.

"A tashi da sahe," in ji shi. "Rana tana cin taya."

Ran nan ya shanye kununsa, ya nemi ƙari.

Asabar da hantsi muka biya ta Kalley, don ya ce ba a barin bawa ba sallama. Mai gareji ya zagaya motar yana dukan tayoyi da ƙafa, ya buɗe gaba ya duba ruwa, duk abin da ya riga ya duba tun tuni. Sannan ya leƙo ta tagar Baba.

"To Bagobiri, gardamarmu fa? Wa ya ci?"

"Sai sun tahi sun komo, mu gani."

"In taka ta ci, ina zan same ka in ba ka goro?"

"Ka ba masu lakwal su ci. Ni na yahe."

Mai gareji ya miƙo hannuwa ta taga. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, baƙin mai ya shafi farar rigar. Sai ya juya da sauri ya shige ƙarƙashin wata mota da ba a kawo ta gyara ba.

Hanyar tana da tsawo, ga zafin bazara. Baba bai yi barci ba ko kaɗan. Yana zaune a miƙe, yana gaya wa gilashin gaba cewa akwai rami a gaba, ana shiga kwana da sauri, ana bin babbar mota kusa da yawa. Mun wuce Doso, mun wuce Dogon Dutsi. Wajen Ƙonni muka tsaya ya yi sallah a zaune a inuwar wata bishiya, ya ci dabino biyu. Da muka koma hanya na tattara ƙarfina, idona a kan kwalta, na ce, "Babu wani randebu. Tun farko babu."

"An sani," in ji shi.

"A yafe mini."

Ya gyara hularsa. "Direba ba ya kuka bisa hanya. Shina ɓata gani."

Bayan la'asar muka bar kwalta muka kama hanyar ƙauye. Warin albasa ya fara shigowa ta taga, ga mutane can suna ɗinke buhuna a bakin lambu. Da hasumiyar masallacinmu ta bayyana, saura 'yar tafiya kaɗan, sai ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Na ɗauka amai zai yi. Ya buɗe ƙofa, ya sauke sandarsa, ya sauke ƙafa ɗaya, ya sauke ɗayar. Na zagayo da gudu zan kama shi, ya janye hannunsa.

"Da ƙafata na hita garin ga," ya ce wa sandar. "Ba a shigo da ni kwance."

Na koma mota. Ya kama hanya a tsakiyar turba, rigarsa tana yi masa lilo, ni kuma ina binsa a baya a hankali, ƙafata a kan birki. Sau biyu ya tsaya ya jingina da sanda, sau biyu na kama marfin ƙofa na sake shi. Masu albasa suka ɗago, wani ya gane shi ya ƙwala kira, mutane suka fara fitowa suna tarbarsa. Na hango Gwaggo a ƙofar gida, ta saki ƙwaryar da ke hannunta. Bai waiwayo ba har ya shiga zaure.

Kwana goma sha shida ya samu a gida. Ya zauna a dakalinsa, ya yi sallar Juma'a biyu a masallacinsu, ya sallami duk wanda yake so ya sallama. Da na bi maganar likita, da wata uku ya samu. Sauran kwanakin ni na cinye su a Yamai, kuma har ya rasu bai tambaye ni su ba.